Yadda Na Kai Bature Bida Na Rasa Masaukin Ubana

Shekarar da ta bi bayan yunwar garin rogo ce, lokacin da gero ya dawo cikin rumbuna, mutane sunka daina jiƙa garin nan na kudu da ya kumbura wa yaranmu ciki. A sanyin wannan shekara na yi tafiyar da abokan karatuna na makarantar manya sunka dame ni da tambaya a kanta. Kullum munka tashi daga karatu sai wani ya ce in ba su labari, ni da na shiga mota da Bature har kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki. Suna tsammanin daɗi na sha. Na gaji da cewa a bari. Tunda hannuna ya fara sabawa da alƙalami, zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sunana Arzika, sana'ata fataucin kanwa, kamar yadda ubana ya yi. Muna saye a gangaren dallol, wato babban kwarin ƙasarmu, mu ɗora wa jakuna, mu bi ayari har Bida ta ƙasar Nufe. A can akwai unguwar masu ƙarau, waɗanda ke narka kwalba su yi mundaye da duwatsun wuya da jigida, kuma suna sa kanwa cikin narkin don ya yi laushi. Ubana yana da mai masauki a unguwar, wani dattijo da ake kira Ndako, kuma ɗakin da ubana ya kwana ciki shi nake kwana. Wanda bai yi fatauci ba bai san darajar masauki ba. Mai masauki ke ajiye maka kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsaya maka in rigima ta tashi, in ka mutu can shi zai binne ka. Ba a sayensa da kuɗi, gadonsa ake yi. Shi ne abin da nake da niyyar bar wa ɗana.

Baturen ya zo garinmu Filinge da kaka. Dogo ne, mai jan wuya, yana yawo da ƙananan kwalabe yana ɗibar yashi da ƙasa, don haka mutane sunka sa masa Mushe Kwalba, don Mushe ake ce wa namiji da Faransanci. Ranar kasuwa ya ga mundayen da matata ke sayarwa, ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta ga rana, ya tambayi inda ake yi. Washegari gardi, wato ɗan sandan gwamnati, ya zo ƙofata ya ce kumandan, Baturen mulki, na kira. Anka gaya mini zan kai baƙon gwamnati wurin masu ƙarau, ya ga aikinsu. Na ce mutanen nan ba sa son baƙo kusa da wutarsu. Anka ce kallo kawai zai yi. Na ce bari in shawarta. Gardin ya yi dariya, ya ce ba shawarata anka tambaya ba. Abin da anka yi mini na alheri shi ne in zuba kanwata a bayan kamyo, wato motar kayan da za mu shiga, in bar jakuna gida wurin ƙanena.

Mai tuƙin wani Bazabarme ne, Hamani, tsohon soja, shi ne kuma tafinta. Bakinsa ba ya hutawa. Tun ba mu bar gari ba ya sa mini suna Sarkin Kanwa, ni kuma nake ce masa Sarjan, don ya yi soja shekaru bai sami ko igiya ɗaya ba. Shi ya fayyace mini aikin Mushe. Ya ce cikin batir ɗin tocila akwai wani baƙin gari, shi ne ƙarfin wutar, kuma Faransa daga nesa take sayo shi. Mushe ya sami wani baƙin dutse can yamma da kogi, yana son ya gane ko garinsa ɗaya ne da na batir. Ya ce mutumin ba ƙaramin masani ba ne, a ƙasarsu in ana maganar kwalba da batir ana kiran sunansa. Na ce madalla, amma mi ya haɗa batir da mundayen mata? Hamani ya ce shi an ɗauke shi tuƙi ne, ba a ɗauke shi duba ba.

Bayan Bonkuku kaɗan kamyo ya nutse cikin yashi har gindi. Ni da Hamani munka sauke buhunan kanwa, munka haƙa da hannu, munka shimfiɗa kirare, Mushe kuwa ya tsuguna gefe yana cika kwalba da yashin da ya kama mu, fuskarsa cike da murna. Wasu Buzaye masu raƙuma sunka wuce, sunka yi mana sannu, ɗaya ya tambaye ni ko in ba shi kayan ya kai mini gaba, mu sadu in motar ta warke. A Balleyara ma sai da anka yi ƙaramar rigima. Mushe ya ɗebi ƙasar wata gona, mai gonar ya zo da gudu yana kuka, yana zaton za a kai ƙasar a auna a ƙara masa haraji. Hamani ya rantse masa ba haka ba ne, bai yarda ba har sai da anka zuba masa ƙasarsa inda anka ɗebo ta. Da ya juya, Mushe ya sake ɗiba. A lokacin dariya na yi.

A Dosso da Gaya akwai kampama, wato masaukin Turawa. Mushe na ciki bisa gado da gidan sauro, mu muna ƙarƙashin mota. Wannan bai dame ni ba, bafatake ya saba da ƙasa. Abin da ya dame ni a Gaya ya faru. Cikin kayan Mushe akwai manyan batura irin na mota, masu ruwa a ciki, kuma girgizar hanya ta kwance murfin ɗaya. Ruwan ya bi ƙasan mota ya shiga ƙunshina. A ciki akwai rigata ta saƙi wadda nake sawa ranar gaida mai masauki, da bargon da na saya wa Ndako tsaraba. Da na buɗe, rigar ta zama kamar gara ta kwana a kanta, in ka taɓa sai yadin ya bi yatsa. Bargon ma haka. Na kai wa Mushe rigar ya gani. Ya juya ta, ya shinshina, ya yanki wani gefe ya sa cikin kwalba, ya gaya wa Hamani cewa abin sha'awa ne yadda ruwan ya ci farin zare ya bar shuɗin. Na jira in ji sauran maganar. Babu saura.

Iyaka a Kamba take. Da jakuna ba ma bin ta bakin ma'aikata, amma mota ba ta da daji. Malamin kwastan na Ingilishi, Bahaushe mai gajeren wando da doguwar safa, ya buɗe akwatunan Mushe ya ga duwatsu da yashi. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya ɗauko yashi daga ƙasar Faransi ya kawo ƙasar Ingilishi ba, sai ka ce nasu ya ƙare. Ya rasa sunan da zai ba kayan, ya tafi tambayo na gaba da shi, munka yini a rana. Da ya dawo ya bar duwatsun sunka wuce, kanwata ce ya ga ya san sunanta, ya sa anka sauke buhu guda. Muna barin wurin Hamani ya kama hannun dama kamar yadda ya saba, sai ga wata babbar mota cike da gyaɗa ta nufo mu kai tsaye. A ƙasar Ingilishi hagu ake bi. Munka faɗa cikin gonar dawa, goshina ya bugi ƙarfe. Direban gyaɗar ya sauko ya zagi Hamani da uwa da uba, Hamani ya rama da Zabarmanci da Faransanci, daga baya sunka raba goro.

Daga nan sai Yawuri, Kontagora, Zungeru. Hanyar da nake bi a ƙafa ina sanin kowace rijiya da kowace mai fura, yanzu tana wucewa kamar ba tawa ba. Fura ta ƙare tun Yawuri, sai kifi da tuwon shinkafa da miyar manja mai jan baki. Hamani ya ci ya yi ta gudawa, yana tsaida mota yana shiga daji yana tsine wa duk wanda ya fara dafa manja. Mushe kuwa gwangwaninsa yake buɗewa, ya ci da cokali shi kaɗai. Mu a ƙasarmu ta Kurfai ko ɗan wake guda kake ci sai ka ce wa na kusa bismilla. Ban ce mugun mutum ba ne. Bai taɓa daka mana tsawa ba, har taba yake ba Hamani. Sai dai in ya dube ka, kamar yana duba abin da anka yi ka da shi ne.

Munka shiga Bida da hantsi. Gaisuwar Nufawa ba irin tamu ba ce ta tsaye da hannu. Durƙusawa ake yi, ƙarami ya fi yin ƙasa, a yi ta amsa wa juna har gwiwa ta yi tsami. Na durƙusa gaban Ndako cikin rigar tafiya mai ƙura, hannu wofi, kunya kamar ta kashe ni. Bai dubi rigar ba. Ya kira ni ɗansa kamar kullum, ya tambayi yara da sunayensu, ya sa anka kai ni ɗakin ubana. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni, ya ce in huta tukuna, za mu yi magana.

Mun zo a kan gaɓa mai nauyi. Gidajen unguwar sun haɗa hannu za su yi babban narki. Sun yi damina biyu suna tara fararen kwalabe, waɗanda sunka fi wuyar samu, suna aikawa har bakin teku a sayo, don wasu fatake sun yi odar farin jigida da duwatsu kafin Salla. An daka kwalaben, an tara itace, kowane gida da rabonsa, kanwa kawai ake jira. In an hura wutar ba ta mutuwa sai narki ya nuna, maza na karɓar zugazugi bi da bi. Kuma suna da doka. Baƙo ba ya shiga rumfar wuta sai wani ɗan unguwa ya tsaya masa a gaban dattawa, ya ce hannun baƙon nan hannunsa ne. Duk abin da baƙon ya yi, shi ya yi. Dalilinsu kuwa abin da suke yi a jikin mace yake kwana, a ƙugu da wuya da hannu, ba wanda zai sa wa matarsa ko 'yarsa abin da ba a san mi ya shiga cikinsa ba.

Ndako ya tambaye ni abu ɗaya: ko na san mutumin. Na gaya masa gaskiya, na ce sanina da shi na hanya ne, kuma an ce mini kallo kawai zai yi. Ya ce in bai tsaya masa ba, ni zan koma wurin kumandan da bayani, kuma ya san yadda ake yi wa talaka can. Washegari ya tsaya gaban dattawa ya ɗauki hannuna ya ce nasa ne, ni kuma na nuna Mushe na ce nawa ne. Na sa Hamani ya gaya wa Mushe dokar a gabana, ya maimaita. Mushe ya gyaɗa kai yana murmushi.

Kwanakin farko lafiya. Ya zauna bisa kujerarsa nesa da wuta yana zane, yana duba harshen wutar ta cikin wani baƙin madubi. Masu zuga har sun fara yi masa waƙa, suna cewa jan wuyansa ya riga narki nuna. Ranar da narki ya zama ruwa, bayan azahar, babban mai wuta ya buɗe bakin ramin don ya gwada da sandar ƙarfe. Dattawa na zaune, rumfa cike. Mushe ya tashi, munka zaci leƙawa zai yi. Ya zaro wani ƙunshin takarda daga aljihu, ya buɗe, ya juye baƙin garin dutsensa cikin narkin, ya karɓi sandar daga hannun mai wuta ya motsa. Bai yi a ɓoye ba. A gaban kowa ya yi, yana murmushi, kamar mai sa gishiri a miyar gidansu.

Mutum sun fi ashirin a rumfar, duk sun ga hannunsa na tafiya. Ku da ke tambayata mi ya sa ba a riƙe shi ba, ku gaya mini wanda cikinku ya taɓa riƙe hannun Bature. Zugazugi sunka tsaya. Ndako ya sunkuyar da kai ya cire hularsa ya ɗora bisa gwiwa.

Da anka ɗebo a bakin sanda ya huce, farin ya tafi. Ya koma wani launi tsakanin ja da shuɗi, kamar furen ƙaya da safe. Ba zan yi ƙarya ba, yana da kyau. Mushe ya ɗaga shi ga haske yana tsalle kamar yaro. Hamani ya ce yana cewa launin ya nuna dutsensa na da ƙarfi ƙwarai, ya fi yadda ya zata, kuma babu wata wuta mai zafin wannan a duk ƙasarmu, shi ya sa ya zo. Yana cewa kuma ya ba su sabon launi kyauta, su gode masa nan gaba. Nan na gane tun daga Filinge garin na cikin aljihunsa.

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa cewa Bature ya zuba magani a wutar masu ƙarau. Mata sunka fara cire ko tsofaffin mundayensu, ana cewa maganin hana haihuwa ne. Dattawa sunka zauna. Ba su kira Mushe ba, ba su da ikon kiransa, kuma a dokarsu ba shi ya yi ba. Da ya ji akwai magana ya aiko Hamani da kuɗi, sunka mayar, sunka ce in sun karɓa ya zama sun sayar masa da wutar ne da saninsu. Anka yanke cewa narkin duka za a kai rami a binne a gaban mutanen kasuwa, don a ga ba a sayar da ko ƙwaya ba. Ndako zai bar mazauninsa a bakin wuta, gidansa ba zai shiga narki na gaba ba. Ni kuma kanwata ta tafi cikin diyya, kuma ƙafata ba za ta sake taka unguwar ba, ni da wanda na haifa.

Ni mutum ne mai haƙuri, kowa a Filinge ya sani. Amma ranar na tafi barikin da Mushe ya sauka, na same shi yana naɗe guntun ƙarau ɗin cikin auduga. Na ce wa Hamani ya gaya masa kalma da kalma: ya ci amana, ya kashe wa tsoho wuta, ya rufe mini ƙofar da ubana ya buɗe da ƙafarsa, kuma Allah zai tambaye shi. Hamani ya dube ni, ya juya ya yi wa Mushe magana gajera. Mushe ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. Da munka fito na tambayi Hamani abin da ya faɗa.

"Na ce kana taya shi murna."

"Sarjan, haka na ce?"

"Sarkin Kanwa, kai kana da gona. Ni motar nan ce gonata. In na faɗa masa, ni za a kora, kai a rufe ka, shi kuwa ko tuntuɓe ba zai yi ba."



Da safen tashinmu na je sallama. Ba a bar ni na shiga ba, Ndako ya fito bakin unguwa yana dogara sanda. An ɗauko ƙunshina daga ɗakin, har da tsohuwar butar ubana da ke rataye can tun ina saurayi. Na durƙusa, na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ni na ce hannunka nawa ne, ba wanda ya tilasta ni. Ubanka ya shekara talatin yana zuwa, ko tsinke bai ɓata ba a gidana. Ka ɗauki butarsa. Kar ka aiko yaron, ba zan iya buɗe masa ba."

Ya ba ni ƙunshin shinkafa na guzuri, ya juya. Bai jira na tashi ba.

Komowa ba ta da labari. Hanya ɗaya ce, mota ta fi sauƙi don babu kanwa, Mushe na waƙa a gaba. Ya sauke ni bakin kasuwar Filinge ya wuce Yamai, ban sake ganinsa ba. Bayan damina kumandan ya sa anka kira ni. Ya ce binciken Mushe ya yi suna a Faransa, an buga shi, manyan masana sun yaba, har ana maganar wani kamfani zai zo ya duba dutsen don yin batir. Ya ce in yi alfahari, da ni anka yi aikin. Ya miƙo mini tocila, wai Mushe ya aiko. Na tambayi tafintan kumandan ko a cikin abin da anka buga an ambaci narkin da anka binne. Ya ce an ambaci wutar Bida, an ce tana da zafi mai kyau. Tocilar ta yi wata guda tana haske, batir ya mutu, kuma ba mai sayar da irinsa a kasuwarmu.

Na gwada kai kanwa Jega da Kontagora. Ana saye, amma a bakin kasuwa nake kwana, dillali na yanka mini farashin da ya ga dama, don ba ni da mai tsaya mini. Bara wani bafatake ya gaya mini Ndako ya rasu. Ban je gaisuwa ba, ba ni da hanyar shiga.

Ga abin da tafiyar ta ci. Riga ɗaya ta saƙi da bargo ɗaya. Kanwar shekara guda, buhu ɗaya a Kamba, sauran a Bida. Jaki ɗaya da ya mutu a hannun ƙanena ina can. Fararen kwalabe na damina biyu da itacen unguwa guda. Mazaunin tsoho ɗaya a bakin wuta, wanda bai koma ba har ya mutu. Da ɗaki ɗaya a Bida, wanda ubana ya kwana ciki, na kwana ciki, ɗana ba zai gan shi ba.